Kawu Bawa da Lambar Haɗi

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Kawu Bawa a Rikoto ya san hular nan tasa. Rabin aikinta a kansa ne, rabi a kan kwamfuta. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, tsohon malamin gona, da ya yi ritaya ya buɗe shagon buga takardu da wanke hotuna. Idan ka zo da hoto a waya, ba ya karɓar wayar, ba ya kuma sa mata igiya. Sai ya ce ka tura fuskar wayarka kan kwamfutarsa ta iska. Kana dannawa wasu lambobi su fito a allon kwamfutar, kuma sai ka rubuta su a wayarka kafin su haɗu. To a nan ne Kawu zai tuɓe hula ya rufe lambobin, ya leƙa ƙarƙashi kamar mai duba kaza a kan ƙwai, ya matso ya raɗa maka su a kunne. Ko da ku biyu ne kawai a shagon.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ai ba kowa."

Ya ce, "Taga fa? Makauniya ce?"

A da ba haka yake ba. Abin ya samo asali ne daga wani taron ƙungiyar manoma, lokacin yana sakatare. Ya haɗa kwamfuta da majigi yana bayani kan tsutsar da ke cin masara. A lokacin kwamfutar ba ta tambayar kowa lamba; wayar da ta taɓa hawa sau ɗaya ta zama 'yar gida. Ana cikin bayani sai tsutsa ta ɓace daga bango, allon wasan lido ya fito, ƙato, da jansa da korensa. Wani ne a cikin taron yake bugawa, kuma ana cin sa.

Kowa ya duba wayarsa, ban da shugaban ƙungiya, Alhaji Garba, da ke zaune a layin gaba ya duƙar da kai, yana gyaɗa shi a hankali kamar mai rubuta muhimman batutuwa. Kawu ya tsaya ya kalli wasan na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba ka fito da jan nan ba, kore za shi cinye ka."

Alhaji bai ɗago ba, ya ce, "Na gani."

Sai da ya ji ɗakin ya yi tsit sannan ya ɗago.

Tun daga ranar Kawu ya saita kwamfutar ta riƙa neman sabuwar lamba a kowane haɗi, ko wayar wa ce. Mu dai mun ce ya kyauta. Ba mu san cewa sarauta ya naɗa wa kansa ba.

Matarsa, Inna Kulu, ita ta fara ɗanɗanawa. 'Yarsu da ke aure a Bena ta turo bidiyon suna, Inna ta ce waya ta yi mata ƙanƙanta, tana son ta ga jikanta da girma. Ta danna, lamba ta fito, hula ta sauka.

Kawu ya ce, "Mi za ki kalla?"

Ta ce, "Jikanka."

"Wa ya tabbatar min wayar taki ce?"

"Malam, kai ka saya min ita."

"To, kin ga ma an fara samun shaida. Matso da kunne."

Inna ba ta matsa ba. Ta ɗauki wayarta ta koma gida. Da ya dawo cin abinci ya tarar da kwanon tuwo a rufe, ta ɗora hannu a kan murfin. Ta ce, "Wa ya tabbatar min cikin naka ne?" Washegari ta kalli bidiyon har ta gaji, kuma da babbar murya ya karanta mata lambar.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne ranar da tabaransa suka ɓata. Wani ango daga Wasagu ya zo a kan babur, zai wanke hotunan ɗaurin aure, yana sauri ya koma kafin ruwa ya sauko. Lamba ta fito, Kawu ya leƙa ƙarƙashin hula, bai ga komai ba sai hazo. Na ce bari in karanta. Ya yarda da ƙyar. Na karanta, ango ya rubuta, hotuna suka hau. Sai Kawu ya katse haɗin.

Ango ya ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Wagga lamba ta lalace. Mutum uku sun san ta."

Na ce, "Kawu, biyu ne. Kai ba ka gan ta ba."

Ya ce, "Wannan ne ma ya fi muni."

Sabuwa ta fito, ni na sake karantawa, ita ma ta lalace. Da ango ya ga hadari ya haɗu, sai ya cire baƙin tabaransa na gayu ya miƙa wa Kawu don tsokana. Kawu ya saka, ya ce duniya ta ƙara duhu amma aƙalla yanzu ba wanda zai gane inda yake kallo. A haka dai aka wanke hotunan, ango ya tafi cikin ruwa.

Bayan rasuwar Kawu, muna ta ba da waɗannan labarai a zaman makokinsa, har Inna tana dariya tana share ido. Sai wata mata da ban sani ba ta ce ita ma ta taɓa zuwa shagon, bayan rasuwar mijinta, tana neman hotonsa guda ɗaya da za a wanke wa yara. Ta ce da wayar ta hau kwamfuta, duk hotunan gidanta suka baje a allo, har na jinyar mijin nata. Kawu ya tashi ya saki labulen ƙofa, ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, ya ce, "Nemi a hankali, ɗiyata. In kin samu ki kira ni." Ta daɗe tana kuka tana nema. Bai waiwayo ba.

Ba wanda ya ƙara dariya bayan nan.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa, ya suturta shi ranar da za a baje komai a fili. Amin.