Kujerun Makoki a Siton Salman

Har gobe ban manta da ranar da muka jera kujeru a sitonmu na Guangzhou, ƙasar Sin, ba. A shekarar 2008 ne, ana dab da wasannin Olamfik. Ni ne mai kula da sito a wani ƙaramin kamfanin jigila: ɗan kasuwa ya kawo kaya, in auna, in rubuta sunansa a kwali, a loda a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha. Mai kamfanin sunansa Salman, mutumin Siriya, kuma kusan duk kwastomominsa Hausawa ne.

A lokacin an tsaurara biza, wanda ya fita da wuya ya dawo. Sai ga waya daga gida cewa mahaifiyar Salman ta rasu. Kwantenonin mutane na hannunsa, ya ce ba zai tafi ya bar su ba.

"Habibu," ya ce mini, "faɗa wa mutanenka zan zauna makoki gobe a nan."

Bayan Juma'a na sanar a ƙofar masallacin Huaisheng. Wani dattijo cikin kwastomominmu, Alhaji Mamman, ya ja ni gefe.

"Ɗana, ka taɓa ganin Oganka a masallaci? An ce Duruz ne, addininsu daban."

Kafin la'asar maganar ta zaga.

Washegari muka ture kwalaye, muka jera kujeru. Salman ya dafa gahawa mai ɗaci. Daga ni sai Lao Chen, direbanmu Basine. Duk motsin ƙofa sai Salman ya miƙe.

Da ya ga ba wanda ya zo, ya fara ba mu labarin ƙauyensu. Ya ce kakanninsa sun gudo daga yaƙi, suka hau dutse, suka gina gidaje da baƙin dutse. Su Duruz ba a shiga addininsu, sai dai a haife ka a ciki, don haka ba su da yawa. Samari duk sun watse neman abinci, har 'yan ƙauyensu da ke zaune a Venezuela sun fi na gida yawa.

"Amma in aka yi mutuwa," in ji shi, "ƙauyukan kewaye duk suna zuwa. Kirista da Musulmi, ba a tambaya."

Na sunkuyar da kai. Na san ya lura, amma bai tambaye ni ko na isar da saƙo ba.

Da yamma Alhaji Mamman ya shigo. Salman ya tashi da sauri, ya miƙa masa hannu biyu.

"Oga," in ji Alhaji, "kwantenata ta tashi kuwa?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Salman ya ce ta tashi, ya zuba masa gahawa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo aikin nan yanzu: wanda kuka amince wa da dukiyarku ta ƙetare teku, ya wuce ku hana shi "sannu da haƙuri".