Rigar da Yaya Habu Ya Ɓoye a Rumbu

Abin da na fara gani da na dawo daga makaranta wata Laraba, shekarar da ruwa ya ɗauke gero bai yi ido ba, shi ne jajayen maɓallai a cikin tokar murhu. Sun narke sun manne da juna, tsakar gida tana ƙaurin ƙonannen yadi. Ina aji huɗu a firamare, amma nan take na gane na rigar Yaya Habu ne.

Yaya Habu shi ne ɗan farin gidanmu. A gona kullum shi ne a baya, amma ranar kasuwar Makoda yakan tsinto ƙyallayen da teloli suka zubar, ya ɗinka wa 'yartsanata ta kara riga har da ɗankwali. Ni da ko a aji ba a jin muryata, a wurinsa nake zuba surutu. Wata rana kowa ya tafi cirar gyaɗa, na same shi a ɗakin Inna sanye da doguwar rigar mata da ya harhaɗa da ƙyallaye, ya zizara kwalli, yana juyi a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba. Ya ce, "Ladidi, duba mini, kafaɗar ta zauna?" Na ce ta zauna.

A ƙarƙashin dammunan dawa yake ɓoye rigar, can ƙasan rumbu inda hannu bai taɓa kaiwa ba. Yunwar shekarar ce ta kai Baba har can, ya ciro ta ya jefa a murhu. Da ma samari sun daɗe suna kwaikwayon tafiyarsa a bakin rijiya, suna ce masa ɗan daudu. Baba bai dake shi ba. Cewa kawai ya yi, "Ka nemi wani uban." Washegari Yaya ya bi motar gyaɗa zuwa Kano, daga can ya bar ƙasar.

Yanzu ina da jikoki. Bara wata ƙawata ta nuna mini hotonsa a waya. Yana wata ƙasa mai nisa, shi yake zana tufafin da ake yin layi a kalla, ya yafa gyale yana dariya da furfurarsa. Ya sami inda zai sha iska, sai dai ba nan ba ne. Baba ya rasu bai yafe ba, garin ma bai sauya ba.

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. "Wancan" take cewa. Tun da ya tafi, ko "wancan" ɗin ta daina, har na kasa gane kunya ce ko ita ma ta sallama shi. Ta tsufa, idonta ya mutu. Rannan ina taje mata kai na ce, "Inna, babu kowa sai ni. Don Allah ki faɗi sunansa sau ɗaya in ji."