Lambar Malam Hamman da Ta Ƙi Rabuwa

Duk wanda ya san Malam Hamman ya san ba ya ganin lamba ya ƙyale ta. Ana cikin gaisuwa, sai ka ga leɓensa na motsi, idonsa na kan bayan wata mota. Raba ta yake yi!

Tun da ya ajiye koyar da lissafi ya kasa lambobi kashi-kashi kamar mutane. Akwai masu aure, akwai gwauraye, sannan akwai jarumai, waɗanda ba mai raba su sai ɗaya da su kansu. Wata rana a Kasuwar Jalingo ya ƙi shiga keke, rana tana dukanmu.

"Baba, lafiya?" in ji mai keken.

"Lambarka ba ta da kunya. Biyu ya raba ta, uku ya raba ta!"

Da ƙafa muka koma.

Sai ya sayo tsohon injin ban ruwa a Iware, ya ga lamba mai gurbi goma a jikinsa. Ya rantse jaruma ce, kuma sai ya tabbatar kafin ya mutu. Bayan kowace salla yakan gwada ta da jaruma guda, a bayan takardar buhun siminti, don bai yarda a ɓata littafi ba. Ni da hisabina bai wuce na rabon gado ba, ni ne shaida. Kullum bayan la'asar ina can.

A shekara ta uku 'yarsa Dija, ma'aikaciyar sakatariya, ta tare ni a zaure.

"Bappa, na sa ta a kwamfuta. Sha bakwai tana raba ta."

"Innalillahi! Ai tun rana ta biyu ya wuce sha bakwai!"

"Kuskure ya yi. Kai za ka faɗa masa."

"Ni? Wa ya aike ki?"

Shekara biyu ina ɗauke da wannan magana kamar garwashi a aljihu. In faɗa, in rushe masa aikin shekaru. In yi shiru, in zama mai shaidar zur. In ya ce, "Modibbo, yau ma ta ƙi!" sai in kama tari.

Da ciwo ya kwantar da shi, na ce ba zan bari ya tafi a kan ƙarya ba. Na zauna, na gyara murya har sau uku.

"Sha bakwai ko?" ya ce, ido a rufe.

"Ka sani?"

"Tun ranar da ka fara tarin nan naka na koma baya na duba. Kai dai ba ka iya ɓoye abu ba."

"To me ya sa ka ci gaba?"

"In na daina, me zai kawo ka bayan la'asar?"

Har yau in la'asar ta yi, ƙafata can take nufa. Ya Allah, Kai ne Ɗaya da ba Ka rabuwa. Ka sauƙaƙa wa Hamman hisabi, Ka yafe masa kurakuran da ya gani da waɗanda suka wuce shi. Amin.