Ƙaron da na shafa wa lasifikar Haboba

Edita, na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina girgiza kai, yau ga nawa. A lokacin da abin ya faru ni manomi ne a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Suki, can ƙasar gabas cikin masu jin Larabci, ina riƙe da hawashar da mahaifinmu ya bari, wato gonar noman rani da ake ba ruwa daga kogi, muna shuka auduga da dawa. Amma duk wanda ya san ni ya san ba noma ne a raina ba, lasifika ce. In na ji rediyo na ƙara a shagon wani, ba na samun sukuni sai na kwance shi na ga abin da ke damunsa. Matata kan ce da lasifika na cin tuwo, da tuni ta ƙara kwano ɗaya a gidanmu.

Haboba, kakata ta wajen uba, tana da wa guda da wani kawunsu ya tafi da shi yamma tun tana yarinya, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta tsufa tana ambatonsa a addu'a, ba ta san ko cikin rayayyu za ta saka shi ko cikin mamata ba. Sai wani mutumin garinmu ya je Umara, ya haɗu da wani Basakkwace, hira ta kai su ga sunayen kakanni. Ashe wan Haboba yana nan da ransa a wani ƙauye kusa da Sakkwato, da jikoki cike da gida. Aka yi musayar lambar waya, jikan tsohon ya kira, muka miƙa wa Haboba wayar. Ta kara a kunnen dama, ta mayar na hagu, ta ce ita dai kukan sauro take ji. Kunnenta ya yi nauyi da daɗewa. Ta ajiye wayar ta juya fuska bango, ni kuwa a gaban kowa na bugi ƙirji na ce zan haɗa mata abin da za ta ji muryar wanta kamar yana zaune a gefen gadonta.

Ranar kasuwar Suki na samo lasifikar wani tsohon rediyo mai kaset, irin guda ɗayan nan da ke ɗaukar amon ƙasa da na sama gaba ɗaya. Irin ta ta fi dacewa da muryar mutum, don maganar daga wuri ɗaya take fitowa. Maimakon akwatin katako na ɗauki wani tsohon tulu da ya daina riƙe ruwa, na yanka faifan katako daidai bakinsa, na ɗaura lasifikar a kai, na cusa audugar gonata a ciki don kada amon ya riƙa kai-kawo. Na jona ta da ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da batirin babur, na yi mata inda za a haɗa ta da waya. Gaskiya tun a ranar ta yi magana rangaɗau, kuma da a nan na tsaya, da ba ni da labarin da zan rubuto.

Amma ina, kunnena ya ce da saura. Na ji amon sama yana da kaifi, sai na sa reza na cire 'yar hular da ke tsakiyar takardar da ke fuskar lasifikar, na sassaƙa guntun itacen bagaruwa mai tsini na manna shi a kan ƙarfen tsakiya. Na lulluɓe ƙafafun lasifikar ta baya da tsumma. Daga nan na tuna yadda malamanmu ke jiƙa ƙaro su zuba a tawada, in ta bushe a allo ta yi ƙyalli ta kama. Na ce ai wannan shi ne maganin takarda mai laushi. Ƙaro kuwa ba ya wuya a ƙasarmu. Na jiƙa shi, na tace, na shafa wa takardar da gashin kaza, na bari ta bushe. Da na kunna, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi don daɗi. Na ƙara shafi, na sake ƙarawa, kowane shafi kuma sai ya sha iska kwana da kwanaki.

Duk wannan lokaci jikan tsohon na aiko saƙo daga Sakkwato yana tambaya ko an shirya, ni kuma ina cewa saura kaɗan. Haboba ba ta taɓa matsa mini ba, sai dai in na wuce ta bi ni da ido. Matata ta ce tsohuwa muryar ɗan'uwanta take nema, ba gasar kiɗa za ta shiga ba. Na ce mata ba ta san kan sauti ba. Na rufe tulun da buhu na kai shi ɗakin ajiyar dawa don kada ƙura ta taɓa shi. Ran nan da safe saƙo ya zo cewa ƙirjin tsohon ya tashi, abinci ma da ƙyar, in za a yi magana a yi ta yau bayan la'asar.

Na ruga ɗakin ajiya na yaye buhun, sai kyankyasai suka watse ta ko'ina. Sun lashe ƙaron tas, sun haɗa da takardar, sun bar ta huji-huji kamar rariya. Na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don na san in tsohon nan ya cika ba su gaisa ba, ba kyankyaso za a ce ya hana ba, ni ne. Matata ta leƙo ta gani. Na jira ta ce ai ta faɗa, ba ta ce ba, sai ta tambaye ni me ake bukata. Ta yago gefen wani tsohon mayafinta mai shara-shara tana yanka ƙanana, ni ina manna su a kan hujojin da sholishon facin taya. Muka gama azahar ta gota, takardar ta koma kamar wandon ɗan dako. Na kunna, tana 'yar karkarwa in murya ta yi ƙasa, amma magana na fita.

Waya ba ta kamawa sosai a garinmu sai a kan tudun bakin babban magudanar ruwa. Muka ɗora Haboba a keken jaki tana rungume da tulun, mata suka bar girki, maza suka bar shan shayi, kusan rabin gari ya biyo mu. Aka kira. Da tsohon ya yi sallama da wata murya mai rawa, sai Haboba ta ɗago kai, ta kira shi da sunan da take tsokanarsa da shi suna yara. Abin da ta fara tambayarsa bayan duk shekarun nan shi ne, don me ya tafi da asuba bai tashe ta ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ya taɓa ƙafarta ta shure shi. Jama'a suka kwashe da dariya, wasu na share ido da bakin mayafi. Ta ce Hausarsa irin ta innarsu ce sak, shi kuma ya ce tata ta sha Larabci har ba ya gane rabi. Suka lissafo matattu suka yi musu addu'a, suka lissafo jikoki suna gardamar wa ya fi yawa, har batir ya mutu. Ni ina tsugune gefen keken ina kuka, murna da kunya sun haɗe mini.

Allah ya yi tsohon ya samu sauƙi, suka ci gaba da hira duk Juma'a har bayan cirar auduga, lokacin da ya rasu. Na so in canza takardar in kawar da karkarwar nan, Haboba ta ce in na kuskura na taɓa tulunta sai ta saɓa mini, ita haka ta san muryar wanta.

Abin da zan ce wa 'yan'uwana masu son gyaran lasifika, kada ku shafa wa takarda abin da ƙwaro ke ci, in kuma kun shafa kada ku ajiye ta kusa da hatsi. Amma babban gargaɗina ba na ƙaro ba ne. In tsoho na jiran abu a hannunku, ku ba shi yadda yake tun yana iya amfana, ku yi gyaran daga baya. Ni Allah ne ya rufa mini asiri. Da ciwon nan ya tafi da tsohon tun ina ta shafe-shafen ƙaro, da na tashi da lasifika mafi daɗin amo a duk yankin Suki, ba kuma wanda Haboba ke son ji a cikinta.