Rimin Bayan Gidanmu

A shekarar fari ta biyu na sayar da rimin bayan gidanmu. Ni na yi, da hankalina, ba wanda ya tilasta mini sai rumbu da ya koma wayam da yara huɗu masu kallon hannuna. Masu yankan katako suka ba ni dawa, suka kwashe shi cikin kwana uku.

Na zaɓi lokacin da Inna, mahaifiyata, take wajen ƙanwata a Tofa. Idon Inna ya daɗe da tafiya, amma kunnenta ko kaza ta taka tabarma sai ta faɗi wacce ce. A kan rimin nan shamuwa ke sheƙa tun kafin a kawo Inna gidan. Duk bazara ita ke fara jin saukarsu, da ƙwanƙwasar bakinsu, ta ce a fito da iri, damina ta kusa. Maza masu ido ƙuru-ƙuru sai su bi maganar makauniya, kuma ba ta taɓa ba su kunya ba.

Da ta dawo na ja wa kowa kunne. Wautata ke nan, na ɗauka abin da ba ta gani ba, ana iya ɓoye mata shi.

Wata safiya ina gyaran ƙotar fartanya, inuwa ta gifta ta kaina. Shamuwa ne, baƙaƙe masu farin ƙirji, sun kai ashirin. Suka yi ta kewaya inda rimin yake a da, su sauko ƙasa-ƙasa, su sake tashi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma kunyar tsuntsu.

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, ta karkata kai.

"Sun zo," in ji ta. Can ta ƙara, "Ba su sauka ba."

Na ce, "Za su sauka, Inna."

"A ina?"

Na koma kan ƙotar fartanyata.

Ta ce, "Tun ranar da na dawo iska ta daina kuka a bayan ɗakina. Na san tuwon me nake ci. Ban ga laifinka ba. Su dai ne ba wanda ya gaya musu."

Kwana biyu suka yi suna kewayawa, sannan suka yi gabas. Inna ba ta ce a fito da iri ba, ba ta kuma kai wata bazarar da rai ba.

Har yau idan yara suka ruga suna cewa shamuwa ta zo, ba na ɗaga kai.