Laure da Ƙanƙarar Bosniya

Duk Gulma babu wanda bai san Laure mai gumi ba. Tun tana amarya take turara shinkafa ta zama gumi tana kaiwa kasuwar Argungu, kuma da wannan tukunya ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Amma ba shinkafa ce ta yi mata suna ba, wankan jego ne. Da mace ta sauka a unguwar, sai ga Laure da damin ganyen darbejiya, ta tafasa ruwa, ta zaunar da maijego ta yi ta fyaɗa mata har ta yi kuka, daga baya ta gode. Ita kam a haihuwarta ta fari ba ta da uwa. Maƙwabciya ce ta fara yi mata, ta gaji ta bari, kuma abin nan bai taɓa barin zuciyarta ba.

To sai ga autarta Zuhura da cikin fari, can wata ƙasa wai Bosniya, inda mijinta Musaddiq yake karatu. Likitoci sun hana ta hawa jirgi, balle a yi zancen zuwa goyon ciki gida. Haihuwa kuma a watan Janairu. Laure ba ta yi shawara da kowa ba, ta hau mota sai Birnin Kebbi, gidan babban ɗanta Zayyanu a Gesse, ta ce a yi mata fasfo.

Zayyanu mutumin kirki ne, sai dai ya faye yarda da wayarsa. Ya latsa, ya latsa, ya gyara zama.

"Inna, na bincika. Lokacin da ya fi dacewa da zuwa ƙasar nan daga Yuni ne zuwa Satumba. Rana ta fito, gari ya yi kore, ki ga koguna da tsofaffin masallatai. Janairu fa ƙanƙara ce ke zuba daga sama. Ga gwiwarki, ga hawan jini."

Laure ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai wanga, kogi ni ka zuwa kallo? Ni da aka haifa bakin gulbi? Tambayi wayar taka, ɗiya na jiran Yuni kafin ta haihu?"

Da ya ga ba ci, sai ya kira Zuhura ta waya mai hoto don ta taya shi. Zuhura ta yi murmushi, ta ce, "Inna, ki bari sai sanyi ya wuce, nan akwai asibiti mai kyau." Tana faɗa tana murza bakin mayafi, idonta ya ciko. Laure ta san wannan murmushi sarai, domin irinsa ta yi wa mutane lokacin da babu mai tsaya mata. Ranta ya ɓaci.

"Kashe abin nan," in ji ta. "Ko ka yi min takardu, ko in sai da tukwanena in samu wanda zai yi."

Aka yi takardu. Ta shanya ganye ya bushe, ta daka yaji, ta ƙulle kanwar kunu. Matan Gulma suka yi ta zuwa ban kwana kamar masu gaisuwar mutuwa, tana korarsu da dariya.

Sanyin kuwa, tabɗi! Zayyanu bai yi ƙarya ba. Tun daga filin jirgi gwiwoyinta suka kumbura kamar tulu. Har ta baro ƙasar ba ta taka ko'ina ba, daga ɗaki sai banɗaki. Babu murhu, babu itace, sai ta sa Musaddiq ya riƙa tafasa ruwa a manyan tukwane bisa gas yana jido mata. A kan 'yar kujerar roba take zama, ƙafa a miƙe, tana fyaɗa wa Zuhura ganye safe da yamma, tururi ya cika gidan, jaririya Rauda na barci a falo. Ranar farko Zuhura ta riƙe hannunta ta fashe da kuka, ta ce, "Inna, da tsoro nake kwana." Haka suka yi har arba'in.

Gwiwar ba ta koma daidai ba. Yanzu da sanda Laure take tafiya, kasuwar Argungu ma sai dai ta aika. Masu cewa ai mun faɗa miki ba su ƙarewa, ita kuwa ko a jikinta.

Kwanan baya Zayyanu ya zo Gulma yana sosa ƙeya. Zuhura ta sake samun ciki, haihuwa a Disamba. Ya buɗe baki zai fara lissafin watanni, Laure ta dogara sanda ta miƙe da ƙyar.

"Hau bishiyar nan ka saro min ganye," in ji ta. "Shi bushe tun yanzu."