Mindar Haliru Biu

Matiyu Bot ne ya fara ba ni labarinsa. Rubuta sunan da kyau, Zinatu. Mutumin Jos ne, yana tura marasa lafiya a keke a wani asibiti nan Lewisham. Ni kuwa lokacin kuku ne a gidan Alhaji Uwaisu a Catford, shekarun nan da kuɗin mai ya ɓarke a gida, duk ɗan Najeriyar da kika gani a Landan da jakunkuna yake tafe. Mun haɗu wajen mai kifi, sai ya ce, "Nata'ala, akwai wani tsoho Musulminku da ya fi ni son cocinmu. Ni sai Lahadi, ita ma in na ga dama. Shi kuwa ba ya fashin Asabar."

Na ce ƙarya yake yi. Ya ce in zo in gani.

Kofur Almu ke nan, mutumin Gumel. Ya yi yaƙin Bama. Da aka gama, wani Manjo ya taho da shi Ingila a matsayin boyi. Manjon ya mutu, shi kuwa ya zauna. Ya yi shara a kamfanin motoci can Dagenham har ƙirjinsa ya fara ƙugi, sannan ya dawo ya kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwar Lewisham, a gidan wata Baturiya. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, kullum hularsa zanna ce da ta ci wanki har ta gaji. Ya taɓa aure, ba a daɗe ba, ba haihuwa.

Abin da ke kai shi coci ba ibada ba ce. Ran Asabar Turawa kan kwaso tarkacen gidajensu su baje a tebur a ɗakin taron cocin. Tsofaffin riguna, cokula, kofunan shayi da hannunsu ya karye. Jumble suke ce masa, gwanjo dai. Rigar sanyi ya fara zuwa nema. Yana cikin juya kaya sai ya ga minda, lambar yabon nan ta soja, a cikin wani faranti tare da maɓallai da tsofaffin makullai. Irin tasa ce sak, tauraron Bama. Ya ce sai da ya dafa teburin. Ya san abin da mutum ke gani kafin a ba shi wannan ɗan ƙarfen. Ya san ruwan sama da matsattsaku, ya san waɗanda aka bari a bakin kogi. Ga shi an zuba ta da maɓallai.

Ya saya. Amma a ransa ba ciniki ya yi ba, tsintuwa ya yi. Kin san hukuncin tsintuwa a wajenmu: ba taka ba ce, sai ka yi cigiya har ka sami mai ita. Shi bai yarda akwai gidan da zai fitar da mindar ubansa da gangan ba. Kuskure ne, in ji shi, wajen kwashe kaya ta faɗa.

Sai ya tambayi matar da ke tsaron tebur wa ya kawo wannan kaya, ta kwatanta masa gidan. Ya goge mindar da toka da lemon tsami har tana ɗaukar ido, ya sa kwat ɗinsa mai kyau, ya je ya ƙwanƙwasa. Wata tsohuwa ta buɗe. Ya ƙame, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce ga kayan maigidanta, an yi kuskure an kai gwanjo.

Ta daɗe tana kallon hannunsa. Sannan ta ce, "Ba kuskure ba ne, ni na kai. Tun da ya dawo daga wannan yaƙin bai ƙara zama mutumin da na aura ba. Yanzu ya mutu. Ba na son in buɗe durowa in gan ta." Ta yi masa godiya, ta rufe ƙofa a hankali.

Daga ranar ya bar ƙwanƙwasa gidajen mutane, amma bai bar saye ba. Inda duk aka ce ana gwanjo, Catford ne, Deptford ne, sai kin gan shi ya hau bas. Ya sami gwangwanin biskit ya shimfiɗa ƙyalle a ciki yana jera su, har da tasa. "Baƙina" yake ce musu. Ran Juma'a in ya dawo masallaci sai ya fito da su ya goge. Matiyu kan tsokane shi, "Baba Kofur, baƙin nan naka fa duk arna ne irina."

Shi kuma ya ce, "Rufe mini baki, ɗan fasto. A ramin da muka kwanta ba wanda ya tambayi wani."

Wata Asabar muna tare, mu uku. An kawo kayan wani tsohon hafsa da ya mutu, 'ya'yansa sun share gidan. A cikin akwatin takalmi Kofur ya ga wata minda zagayayya ta azurfa, ta yaƙin Jamus na farko. Na yaƙinsu ba a rubuta musu suna, amma na wancan yaƙin akwai sunan mai ita a gefe. Kofur ba ya karatu, kamar ni. Ya miƙa wa Matiyu. "Ɗan fasto, duba mini sunan baƙon nan."

Matiyu ya kai ta wajen taga yana juyawa. Kofur ya gaji da jira.

"Ka makance ne?"

"Baba, wannan ba baƙo ba ne. Haliru Biu. Sojan Najeriya."

Kofur ya karɓa. Ƙyallen yake dubawa, wanda ake rataya ta da shi. A naɗe yake tun naɗin farko, launinsa bai koɗe ba, ba hudar allura ko ɗaya. Ya ce, "Ba a taɓa rataya ta ba. Ba ta kai hannunsa ba. An ba wannan hafsan ya kai masa, ta kwana a durowa fiye da shekara hamsin." Ya shafa ƙyallen. "Waɗancan na gwangwani, gidajensu ne suka ce ba sa so. Wannan ba a ma tambaye su ba."

Tun daga nan ba shi da wata magana sai ta Biu. Bai sa ta cikin gwangwani ba. Ya ɗinka mata 'yar jakar fata kamar laya, yana yawo da ita a aljihun ƙirji.

A lokacin ba abin da ya fi ɗan aike sauƙi, jirgi kullum cike. Kofur ya zo gidanmu ranar da Alhaji Uwaisu zai tafi hutu gida. Falo ba wurin taka ƙafa: talabijin a kwali, firiji, leshi, agogon bango, har da kujerun cin abinci. Kofur ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaida shi, ya yi bayani.

Alhaji mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Ya ce, "Haba Baba, wannan ai ba komai ba ne. Na riga na yi booking har Maiduguri, zan bayar a kai." Ya jefa ta aljihun jakarsa.

Da ya dawo ni na kwance jakar. Tana nan inda ya sa ta. Ya dafe kai, "Kai, wallahi hidima ta yi yawa!" Ni na mayar wa Kofur. Ya karɓa, ya ce Alhaji ya dawo lafiya? Na ce lafiya. Ya ce to madalla.

Ya ƙara gwadawa da wani ɗalibi, shi ma haka ta dawo. Sai Allah ya haɗa shi da Hajiya Falmata, matar wani likita, 'yar Barno. Ita ta ce ba za ta ɗauki mindar ba sai ta san hannun da za ta saka ta. "Baba, kai ma soja ne, ka sani. Biu ba sunan ubansa ba ne, garin da ya faɗa ne ranar da aka ɗauke shi. Haliru nawa ne a Biu?"

Ya ce, "Haka ne, 'yata. Ni ma Almu Gumel aka rubuta ni. Amma Halirun da ya tafi yaƙin Jamus ba zai yi yawa ba. A tambayi tsofaffi."

Ta kuwa cika alkawari. Da ta je gida ta tura direbansu ya zaga kasuwar Biu. Ya sami wani tsoho mai sayar da igiya, ya ce ƙwarai, an yi wani Haliru a wani ƙauye bayan dutse, ya tafi yaƙin Bature ya dawo da ƙafa ɗaya, bai daɗe ba ya rasu. Ya bar 'ya, sunanta Dela, tana nan da rai, ta tsufa. Damina ce, hanya ta yanke, direban bai ƙarasa ba.

Ranar da Hajiya ta kawo wannan labari, Kofur kamar an yi masa albishir da Makka. Ya zo kicin ya same ni ina yanka albasa. "Nata'ala, yana da 'ya! Dela!" Ya zauna a kan kujerar kicin yana haki. "Ba zan ƙara aiken kowa ba. Da ƙafata zan je. In durƙusa in ce mata, ga abin ubanki, an yi jinkiri, a yi haƙuri."

Mutumin da tun da ya baro gida bai taɓa zancen komawa ba. Na ce daga nan sai Gumel ke nan? Ya ce, "Wa zan tarar a Gumel? Amma Biu ina da wajen zuwa."

Ya shiga neman fasfo, don takardar da ya shigo da ita ta zamanin Turawa ce, ta daina aiki. Matiyu ke raka shi. Ya sayi turmin atamfa da zai kai wa Dela, ya ce ba a zuwa wa tsohuwa hannu sake. Yana ta tambayata ko mutanen can suna jin Hausa sosai. Ya ma fara koya wa bakinsa abin da zai faɗa, in ya manta wani wuri ya sake daga farko, muna dariya.

Sanyin shekarar nan ya zo da ƙarfi. Tarin da yake yi ya sauka ƙirji. Mai gidan ce ta kira motar asibiti, aka kai shi inda Matiyu ke aiki, shi ya tura shi a keke da hannunsa. Na je duba shi da rana bayan na sauke abinci. Ya rame, hular ce kawai ba ta canza ba. Ya ce in duba ƙarƙashin matashi. 'Yar jakar fatar ce.

"Riƙe mini. Nan suna canza wa mutum kaya ba sallama."

Na ce, "Kofur, kai za ka kai abinka."

Ya ce, "In Allah ya so. In kuma bai so ba, Dela. Bayan dutse. Ka ce an yi jinkiri."

Fasfon ya fito yana kwance. Bai gan shi ba. Muka yi masa sutura, mu 'yan kaɗan. Matiyu ya tsaya daga gefe har aka gama salla, sannan ya kama makara tare da mu.

Ba mu yi tunanin ɗakinsa ba sai bayan addu'ar bakwai. Muka je, mai gidan ta riga ta share, ta sa wani. Ba mugunta ba ce, ta ce ba ta san yana da kowa ba. Kayan fa? Ta ce ta bayar coci.

Asabar ta zagayo muka je. Ga kwat ɗinsa a rataye. Ga atamfar Dela, wata mata na jujjuya ta tana cewa za ta yi labule. Ga gwangwanin biskit a buɗe a kan tebur, kusa da cokula. Matiyu ya rungume shi, ya ce wannan an saya. Muka fito waje muka zauna a kan dakali muna neman ta Kofur a ciki, mu ware ta. Taurarin Bama sun fi goma, duk ya goge su iri ɗaya, ba suna a jikin ko ɗaya. Muka juya, muka juya. Ba mu gane tasa ba. Matiyu ya rufe gwangwanin, ya kifa kansa a kai.

Gwangwanin yana gidan Matiyu har ya rasu, yanzu yana hannun 'yarsa Chundung, tana gogewa.

Ta Haliru kuwa, zuwana gida na farko na hau mota har Biu. Na sami ƙauyen. Aka ce Dela idonta ya tafi, ɗanta ya zo ya ɗauke ta, yana aikin hanya wajen Gwambe. Wani ya ce a'a, Numan. Na bi Gwambe ina cigiya har hutuna ya ƙare. Daga baya na aika cigiya, ba labari. Dela kam yanzu sai dai addu'a. Amma ta haifi ɗa, shi ma ai ya haifa.

Daina share ido da hannun riga, amarya, za ki ɓata takardar. Tashi ki jawo akwatin can na ƙarƙashin gado. A kusurwar dama, cikin hula. Yawwa, ita ce. Kar ki warware ƙyallen, a naɗe za a kai shi. Kin ce za ki je gida bana. Biu ba ta kan hanyarki, na sani. Ki tambayi tsofaffi jikokin Dela, 'yar Haliru mai ƙafa ɗaya. In kin same su ki durƙusa, ki miƙa da hannu biyu, ki ce Kofur Almu ne ya aiko. Ki ce an yi jinkiri, a yi haƙuri.